Iyon Babba Daban, Na Yaro Daban

Na san na kwana biyu ban leƙo wannan zaure ba, sai a yi mini afuwa. Duk wanda ya san zaman Legas ya san yadda yini guda ke narkewa a cikin gosulo. Abin da ya taso da ni yau shi ne wani abu da ya faru ranar Asabar da ta wuce a kwamin iyon da muke zuwa, wanda har yanzu bai daina ci mini rai ba.

Akwai wani bawan Allah, ɗan uwanmu daga gida Arewa, yana kasuwanci a Agege, shekarunsa sun ba 55 baya. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, jiki ya yi nauyi, ga gwiwa tana ciwo, don haka ya nemi motsa jikin da ba zai riƙa dukan gwiwar ba. Sai da na yi wata shida ina lallashinsa kafin ya yarda ya biyo ni. Ya sayi dogon wandonsa da gilashin ido na ruwa, ya cire kunya ya shiga. Mai koyarwa na wurin saurayi ne da bai wuce shekara 25 ba, gwani ne ƙwarai in ya shiga ruwa, kuma ba shi da mugun nufi. Ya dubi Alhajin nan ya ce, "Baba, yau za ka je ka dawo sau 20, ba tsayawa." Alhaji ya yi uku, ya kama bango yana haki, ruwa ya shiga hanci, idanu sun yi ja, ga yara a gefe suna ƙunshe dariya. Da muka shiga mota ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce, "Malam, wannan abu na yara ne. Ni dai na yafe."

Ni kuwa na ce a raina, an ba babba horon yaro ne kawai. Ra'ayina ke nan a wannan rubutu, kuma zan yi ƙoƙarin kare shi: wanda ya shiga iyo da furfura, abin da zai kai shi gaci shi ne gyaran hannu da numfashi tun farko, sannan aiki da agogo, sannan hutu. Yawan zuwa da dawowa shi ne na ƙarshe a lissafi, alhali shi ne masu koyarwa ke fara ɗora wa mutane.

Yadda na sha tawa wuyar

Kada mai karatu ya ɗauka wani gwani ne ke magana. Iyona na farko a kududdufi na koye shi a Kano, irin iyon nan na kai a sama, hannu da ƙafa suna ta fantsama ruwa. Abin da na samu a ciki shi ne bulala a gida da kuma tsargiya. Daga nan ban sake shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba sai da na kai shekara 46 a nan Legas, lokacin da ni ma likita ya karanta mini irin wasiƙar da ya karanta wa Alhaji.

Shekarata ta farko ƙirge kawai na yi. Yau tsayin kwami 20, mako mai zuwa 30, har na kai 60 ina alfahari a wurin aiki. Ban san cewa kowane zagaye ina ƙara kafe kuskure ɗaya ba ne: hannuna na dama yana ƙetare tsakiyar jikina in zai shiga ruwa, kaina yana ɗagowa sama in zan shaƙi iska, ƙafafuna suna nutsewa kamar an ɗaura musu dutse. Wata safiya na tashi na kasa ɗaga hannu in sa riga. Wata huɗu na yi ban shiga ruwa ba. A cikin wannan zaman ne na shiga intanet ina karance-karance, na gano ashe akwai duniya guda ta manyan mutane masu iyo, kuma sun daɗe suna muhawara a kan wannan tambaya.

Su wane ne waɗannan manya?

A fagen wasanni ana kiran ajin nasu da suna Mastas. A Amurka aka faro shi. Wani likitan sojan ruwa mai suna Ransom Arthur ne ya dage cewa bai kamata iyo ya ƙare ranar da mutum ya bar makaranta ba, aka kuma shirya gasar farko ta ƙasa a garin Amarillo na jihar Texas a 1970. A 1986 aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo ƙarƙashin hukumar iyo ta duniya, FINA, wadda ta sauya suna zuwa World Aquatics a 2022. A tsarin hukumar, daga shekara 25 mutum ke shiga, kuma ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har sama. Wato ɗan 57 da sa'o'insa zai kara. A tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu ma, shekarun mutanen huɗu ake tarawa a fitar da rukuninsu.

Ga wanda zai ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga labarin Mieko Nagaoka, wata tsohuwa 'yar Japan. Tana da kimanin shekara 80 ta fara zuwa kwami saboda ciwon gwiwa. A 2015, tana da shekara 100 cif, ta yi iyon mita 1,500 a kwami mai tsawon mita 25 cikin awa ɗaya da minti 15 da 'yan sakanni. James Counsilman kuwa, wanda ya horar da Mark Spitz, ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a 1979 yana da shekara 58. Saboda haka maganar ko babba zai iya ta wuce. Abin da ya rage shi ne ta wace hanya.

Mazhabobi uku

In ka bi bayanan masu horarwa, za ka tarar sun kasu kusan gida uku.

Gida na farko su ne masu cewa a tara mita. Wannan ita ce tsohuwar hanya, wadda aka horar da akasarin 'yan wasa da ita: safe da yamma, kilomita gomomi a mako. Yawancin samarin da ke koyar da iyo a otal-otal ɗin Legas haka aka rene su, shi ya sa ba su san wani magani ba sai "ƙara goma". Amma ko a wurin matasa an tuhumi wannan hanya. A 1991 David Costill da abokan aikinsa na Jami'ar Ball State suka wallafa wani bincike da suka yi a kan ɗalibai 'yan iyo: rukuni ɗaya suna atisaye sau ɗaya a rana, ɗayan kuma aka ninka musu zuwa sau biyu har tsawon mako shida. Da aka zo awo, waɗanda suka ninka wahala ba su fi 'yan uwansu komai ba. To in haka ne ga ɗan shekara 20 mai cin abinci ya kwanta, ina ga magidanci mai shago da iyali?

Gida na biyu su ne masu cewa a gyara salo tukuna. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Terry Laughlin, da ya kafa tsarin Total Immersion a 1989 musamman domin manya. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma turjiyar da yake yi wa jiki tana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in ka ninka gudunka, turjiyar takan kusan ninkawa sau huɗu. Don haka wanda ya miƙe jikinsa a saman ruwa kamar kwalekwale zai wuce wanda ya fi shi ƙarfi amma ƙafafunsa na jan ƙasa. Aibin wannan gida, a ganina, shi ne wasu mabiyansa sukan shekara suna gyaran hannu a hankali, ba sa taɓa yarda su yi haki. Salo ya yi kyau, zuciya kuwa tana nan inda take.

Gida na uku su ne masu cewa a yi gajere da sauri. Wani masani ɗan Ostireliya, Brent Rushall, shi ya yaɗa tsarin da ake kira USRPT. A nan mutum zai riƙa yin mita 25 ko 50 da irin gudun da yake so ya yi a gasa, ya huta sakan 15 zuwa 20, ya sake, kuma in ya kasa riƙe lokacin har sau uku, sai ya tsaya. Hikimar ita ce jiki yana koyon abin da aka saba masa. Wanda kullum yake tafiyar hawainiya, hawainiya zai zama. Haɗarinsa ga babba shi ne in salon bai gyaru ba, gudu zai ƙara wa kafaɗa nauyin kuskuren.

Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi mubaya'a ga gida ɗaya ba. Kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Abin da ya kamata a yi gardama a kai shi ne jeri: me ke zuwa farko, me ke biyo baya, kuma nawa ne ya isa.

Abin da shekaru ke yi wa jiki

Dole a faɗi gaskiya, jikin ɗan 50 ba na ɗan 15 ba ne. Iyakar bugun zuciya tana raguwa da shekaru. Wani lissafi da Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001 ya ce a ninka shekarun mutum da 0.7 a cire daga 208. Ɗan shekara 50 ke nan zai samu kusan bugu 173 a minti, kodayake mutane sun bambanta, kuma a cikin ruwa bugun yakan ɗan yi ƙasa da na tudu. Tsoka ma tana zaizayewa a hankali tun daga shekaru 30, kuma zaren tsokar da ke ba da sauri shi ne ke fara tafiya. Jijiyoyin kafaɗa ba sa warkewa da wuri kamar da. Idon sawu yakan ƙage, shi ya sa za ka ga dattijo yana ta dukan ruwa da ƙafa amma yana nan wuri ɗaya.

Sai dai akwai albishir. Binciken da aka yi a kan lokutan 'yan Mastas na Amurka ya nuna cewa raguwar gudu a hankali take tafiya har zuwa wajen shekara 70, daga nan ne take yin sauri. Wanda kuma ya fara a makare yana da wata riba da tsohon zakara ba shi da ita: shi zakara kullum yana kallon lokutansa suna lalacewa, sabon shiga kuwa yakan yi shekaru yana samun ci gaba, domin abin da yake samu daga gyaran salo ya fi abin da shekaru ke ɗauke masa. Ni da kaina, a yau na fi saurin da nake yi ina ɗan 47.

Babba kuma yana da abin da yaro ba shi da shi, wato fahimta. Yaro za ka ce masa yi kaza ya yi. Babba sai ka gaya masa dalili, amma in ya gane, zai riƙe. Mai koyarwar da ba ya iya bayyana dalilin abin da ya sa ka yi, bai dace da manya ba ko da lambobin yabo sun cika ɗakinsa.

Jerin da nake ganin ya dace

Na farko, numfashi. Akasarin manyan da ke cewa "ba ni da ƙarfin huhu" huhunsu lafiya lau. Riƙe iska suke yi a cikin ruwa, sannan su ɗago kai su yi ƙoƙarin fitar da tsohuwa da shaƙar sabuwa a lokaci ɗaya. Ƙa'idar ita ce fuska na cikin ruwa kana fitar da iska a hankali ta hanci da baki, in ka juya gefe sai shaƙa kawai. Da ni ne na karɓi Alhaji ranar nan, da mako biyu na farko a wurin da ruwa ke iya ƙirji za mu yi su, yana riƙe da bango yana hura kumfa, yana koyon kwanciya a saman ruwa.

Na biyu, miƙewar jiki. Ido ya kalli ƙasan kwami, ƙirji ya ɗan danna ruwa, sai ƙugu ya taso da kansa. Hannu ya shiga ruwa daidai saitin kafaɗa, kada ya ƙetare tsakiya. Akwai awo mai sauƙi da ba ya buƙatar kuɗi: ƙirga sau nawa ka jefa hannu kafin ka kai bango. Lokacin da na dawo daga jinya ina yin 31 a mita 25. Yanzu ina yin 21 ko 22. Hannu tara ko goma da na rage a kowane tsayi, in ka ninka su sau 60, ka ga nauyin da na sauke wa kafaɗata. In da hali, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya. Ranar da na fara ganin kaina na yi salati, domin abin da nake ji ina yi daban, abin da nake yi daban.

Na uku, agogo. Da zarar mutum ya iya yin mita 400 ba tare da ya galabaita ba, ya kamata ya daina iyon ɗiban-karan-mahaukaciya ya koma yanka-yanka. Akwai wani gwaji da ake kira CSS. Ka yi mita 400 iya ƙoƙarinka ka rubuta lokaci, ka huta sosai, ka yi mita 200 ka rubuta. Ka cire na biyu daga na farko, ka raba biyu. Alal misali, in 400 ta ɗauke ka minti 8 da sakan 40, 200 kuma minti 4, bambancin sakan 280 ne, rabinsa 140, wato minti 2 da sakan 20 a kowace mita 100. Wannan shi ne gudun da za ka riƙa aiki a kansa: mita 100 sau takwas, da hutun sakan 20 a tsakani. Bayan mako shida ko takwas ka sake gwajin. Da haka za ka san ko gaba kake yi ko kana zagaye wuri ɗaya.

Na huɗu, ɗan gudu kaɗan. Tunda tsokar sauri ita ce ke fara guduwa, sai a riƙa tuna mata aikinta. Mita 25 sau huɗu da ƙarfi, da hutu mai yawa a tsakani, ta wadatar. Kada a yi ta sai jiki ya ɗumama sosai.

Ga yadda atisayena yake a rana ta yau da kullum: mita 200 a hankali don ɗumama jiki, mita 50 sau shida na gyaran salo, mita 100 sau takwas a kan agogo, mita 25 sau huɗu da sauri, mita 100 na rigingine don hucewa. Jimla mita 1,500, cikin kusan minti 45. Daidai da tsayin kwami 60 ɗin da nake yi a da, amma kowane yanki da aikinsa. Ina kuma cuɗa iyon rigingine da na kwaɗo a ciki don kada kafaɗa ta yi ta juyi ɗaya, sai dai mai ciwon gwiwa irin Alhaji ya yi hattara da na kwaɗo, domin harbin ƙafarsa yana murɗa gwiwa.

Na biyar, aikin tudu da hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Iyo ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, wanda shi ne alherinsa ga gwiwa, amma shi ne kuma gibinsa. Igiyar roba ta motsa jiki da za ka ɗaura a ƙofa ka riƙa ja don ƙarfafa bayan kafaɗa, da tsugunne-tashi, da tafiyar ƙafa, sun isa su cike gibin. Sannan kada a jera kwana biyu masu tsanani. Jikin babba a lokacin hutu da barci yake gina abin da aka nema daga gare shi.

Sai kuma halin Legas

Duk waɗannan littattafai da shafuka an rubuta su ne domin mutanen da ke da kwamin gwamnati a bayan gida. Mu nan sai ka biya kuɗin shiga otal ko kulob, kuma kwamin sau da yawa an yi shi ne domin shaƙatawa, wani mai siffar wake, wani mita 17, wani mita 20. Ka auna naka da taku ko da tef, ka gyara lissafinka a kai. Wata rana ka sha gosulo ka isa ka tarar babu wuta, injin tace ruwa ya tsaya, ruwan ya koma kore. Ƙa'idata ita ce in ban ga ƙasan kwami ba, ba na shiga. Da damina kuma, da an ji tsawa a fito.

Saboda wannan wahala ne da yawa daga cikinmu ke tara komai zuwa Asabar, su yi awa biyu su jigata. Wannan kuskure ne. Jiki yana manta yadda ake kama ruwa in aka daɗe ba a taɓa shi ba. Minti 40 sau uku a mako ya fi awa biyu sau ɗaya. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin hanya ta cushe, kuma a lokacin babu kowa sai mu 'yan furfura. Da azumi nakan rage zuwa sau biyu, da dare bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, in bar agogo a gida in yi gyaran salo kawai.

Maganar kunya ma gaskiya ce, kada a raina ta. Yawancinmu ba za mu iya tsayawa gaban jama'a da ɗan kamfai ba. To ba dole ba ne. Akwai wandon iyo mai kaiwa gwiwa, akwai riga mai kama jiki da aka yi domin ruwa, akwai kuma cikakkun kayan iyo na mata. Abin da ya rage wa iyayenmu mata da 'yan uwanmu shi ne lokaci nasu na kansu da mace mai koyarwa. In mutum goma suka haɗa kuɗi suka je wa manajan otal da maganar awa ɗaya da sassafe, da wuya ya ƙi, domin a lokacin kwamin zaman banza yake yi.

Abu uku kuma ba na sassauci a kansu. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya fara, ya kuma sani cewa wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, don haka lissafin da na kawo a sama ba zai yi masa aiki ba. Kada kowa ya yi iyo shi kaɗai. Kada kuma a yi gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman bayan an yi ta jan iska da sauri. Mutum yakan suma ba tare da wata alama ba, kuma gwanaye ne abin ya fi ci. Teku kuwa, mu da muka taso a tudu mu bar wa masu ita. Igiyar da ke ja ciki a gaɓar Legas ba ta san ka yi mita 1,500 a kwami ba.

Masu cewa duk wannan na mene ne?

Wani abokina Bayarabe da muke iyo tare, ɗan shekara 60 da 'yan kai, yakan yi mini dariya in ya ga ina duba agogo. Ya ce shi ya zo ne ya huta da hayaniyar duniya, ba Olamfik za shi ba. Ina girmama ra'ayinsa, kuma in mutum zai dawwama a kan iyonsa na nishaɗi, ya fi wanda ke kwance a kujera nesa ba kusa ba. Amma abin da na gani da idona cikin shekarun nan shi ne, masu zuwa ba tare da wani abin da suke nema ba su ne ke fara ɓacewa. Wata uku, wata huɗu, sai gajiya da kallon ƙasan kwami ta kama su. Wanda kuwa ya san cewa a watan jiya yana yin mita 100 a minti 2 da sakan 30, yau ya koma 2 da 24, yana da dalilin tashi da asuba. Ba sai ka shiga gasa ba. Abokin karawarka shi ne kai na watan jiya.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da mutane ke neman na abinci, wa ke da lokacin maganar iyon dattawa? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce kuɗin maganin hawan jini da na shanyewar ɓarin jiki ya fi kuɗin shiga kwami. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, mu kuma ba mu manta da jiragen ruwan da suka kife a Ngaski ta jihar Kebbi a 2021 da Patigi ta jihar Kwara a 2023 ba. Iya iyo kaɗai ba ya maye gurbin rigar kariya, amma uban da ya iya ruwa shi ne zai kai 'ya'yansa su koya, maimakon ya yi musu bulala kamar yadda aka yi mana. Mu da muke da Argungu, inda ake gasar iyo da nutso a lokacin bikin kamun kifi, bai kamata mu riƙa ɗaukar ruwa a matsayin abin wasu ba.

Kammalawa

Ga 'yan uwa samari masu koyar da iyo, roƙona gare ku shi ne, in dattijo ya zo gabanku, ku tuna cewa kafin ya cire babbar rigarsa ya shiga ruwa a gaban yara sai da ya yi yaƙi da zuciyarsa. Ku tambaye shi lafiyarsa, ku tambaye shi abin da ya kawo shi, ku ba shi abin da zai iya a ranar farko don ya dawo a ta biyu. Ga sa'o'ina kuma, gemu ba ya hana ilimi, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Jiya da daddare na je shagon Alhaji. Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni Asabar biyu kacal. Ba za ka je ko'ina ba, a inda ruwa ke iya ƙirji za mu tsaya, kuma ƙarfe shida da rabi, kafin yara su zo." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, wandon dai yana nan ban kyautar ba." Na ɗauki wannan a matsayin amsa. In Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda aka kwashe.

Wanda ke da wata dabara da ta yi masa aiki, ko yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake saduwa.